Buhun Yuriya Ba Ya Sa Rake Zaƙi: Martani Ga Mai Cewa A Ninka Taki A Maggiya

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da rubutu a kan noman rake, rubutun kuma ya yi yawo a hannun ƴan boko da malaman gona na yankinmu, daga Malbaza zuwa Ƙonni har Illela. Ya ce abin da ya hana rakenmu kauri da tsawo rowar taki ce, don haka a zuba buhu goma na yuriya ko fiye a kowace hekta, a riƙa watsawa wata-wata har ranar sara. Ya ce a daina yanka iri guntu-guntu, a shimfiɗa kara sukutum, a matse layuka, domin a ganinsa yawan iri shi ne yawan amfani. Daga ƙarshe ya kira manoman kwarin Maggiya da su rage albasa su koma rake, ko Nijar ta huta da sayen sukari daga waje.

Malam, na yarda kishin manomi ne ya sa ka ɗauki alƙalami, kuma akwai inda ka faɗi gaskiya. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin amfani da takin zamani a duniya. A watan Yunin 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin kai kilo 50 na sinadarin taki ga kowace hekta kafin 2015, mu kuwa ko kusa ba mu je ba. Sai dai wannan lissafin na ƙasa ce baki ɗaya, kuma gonakin hatsi na jigawa ne suka rinjaye shi, waɗanda da yawansu sukan shekara ba su ga ƙwayar taki ba. Garka dabam take. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fangalin albasa a Galmi ko Gidan Idar ya san mai garka ba ya rowar yuriya, sau da yawa ma wuce gona da iri yake yi. Ka ɗauko ciwon tudu ka rubuta wa fadama maganinsa, nan ne muka fara rabuwa.

Mu fara da abin da ke cikin buhun. Yuriya kashi 46 cikin ɗari ne naitirojin, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Buhu goman da ka ce, kilo 230 ke nan. Manoman rake na Kwinslan a Ostareliya, waɗanda noman nan ne sana'arsu kaka da kakanni, suna aiki da ma'aunin kilo 1.4 na naitirojin ga kowane tan na rake da ake sa ran gona za ta bayar, har zuwa tan ɗari. A kan wannan ma'auni, gonar da ruwanta da irinta suka isa ta ba da tan 50 tana buƙatar kilo 70, buhu uku ke nan. Buhu gomanka na gonar da za ta haura tan 150 ne, alhali matsakaicin abin da hekta ke bayarwa a duniya bai fi wajen tan 70 ba. Ragowar buhu bakwai ɗin manomi ya biya kuɗinsu, amma rake ba zai iya cinye su ba.

Kuma mutanen Kwinslan ba talauci ne ya sa su lissafi ba. Rarar takin da ke kwarara daga gonakinsu zuwa teku ce ta fara ɓata musu shahararren murjanin gaɓarsu, har gwamnatin jihar ta kafa doka a kan yawan naitirojin da mai gonar rake zai zuba. Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman rake, tana zuba naitirojin ƙasa da abin da Indiya ke zubawa nesa ba kusa ba. A Burazil ɗin ne masaniyar nan Johanna Döbereiner da abokan aikinta na cibiyar binciken noma ta Embrapa suka gano, a 1988, wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin jikin rake tana kamo naitirojin daga iska. Waɗanda suka fi mu sanin wannan kara suna neman hanyar ragewa, kai kana ce mana mu ninka.

Abin da ya fi damuna a rubutunka shi ne watsawa wata-wata har ranar sara. Rake na da lokacin cin taki, kuma lokacin gajere ne. Daga sa'ad da ya tsiro zuwa wata uku ko huɗu yake haihuwa, gindi ɗaya ya fitar da ƴaƴa da yawa, ya kafa saiwa, ya buɗe ganye. A nan yake bukatar naitirojin, kuma abin da ya tara a nan shi zai yi ta amfani da shi lokacin da yake miƙa gaɓoɓi. Idan ya doshi nuna, abin da ake so shi ne takin ya ƙare a ƙasa, ruwa ya ɗan ragu, sanyin hunturu ya shigo, girma ya tsaya. Sai a sannan sukarin da ganye ke haɗawa yake daina tafiya wajen yin sabon ganye, ya taru cikin kara. Wanda ya zuba yuriya a wata na takwas ya ce wa raken ya ci gaba da girma ke nan. Ganye zai yi shar, mai wucewa a hanya zai yaba, amma in an fere an sa a baki sai a ji shi lami, ruwa tsululu babu zaƙi. Ga sababbin ƴaƴa da za su fito a makare, ba su isa sayarwa ba, sai shan abincin manya. Ga kara ya yi nauyin kai ya kwanta da iskar farko, ya tsattsage, ɓera da tsutsa su samu ƙofa. Masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi sun san irin wannan rake tun daga kasko: ruwansa ba ya daskarewa da kyau, curin ya fito baƙi, ya yi ta naso. Takin da aka kai a makare kamar dusar da aka kai wa rago ranar Layya da safe ne.

Sai maganar watsawa ita kanta. Ƙwayar yuriya in ta faɗi a bisa ƙasa mai danshi, cikin kwanaki kaɗan take narkewa ta rikiɗe, wani kaso mai yawa ya zama iskar amoniya ya tashi sama. Zafi na gaggauta wannan, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yana haura digiri 40. Ƙasa mai farar ƙasa a cikinta ita ma tana ƙara shi, kuma ba sai an gaya wa ɗan Malbaza irin dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba, tunda saboda shi aka kafa masana'antar siminti a garin tun shekarun 1960. A gefen kwari inda yashi ya yi yawa, abin da bai tashi sama ba yakan bi ruwan ban-ruwa ya nutse ya wuce saiwa. Ina za shi? Rijiyoyin fadama ba su da zurfi, kuma daga cikinsu masu aikin garka da iyalansu ke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a litar ruwan sha, saboda jarirai ne ke fara jin jiki in ya wuce haka. A laka kuma, inda ruwa ke kwanciya kwana da kwanaki, takin na ɓacewa ta wata hanyar, ya koma iska.

Maganin wannan ba ya bukatar ƙarin ko dala ɗaya. A raba takin kashi biyu ko uku cikin watannin haihuwa. A tona ɗan rami a gefen layi, a zuba, a rufe da ƙasa, a ba da ruwa daidai. Zubin ƙarshe ya zo tare da huɗa, a tura ƙasa gindin kara, ta rufe takin, ta danne ƴaƴan makara, ta kuma tokare raken kada ya kwanta. Buhu uku da aka turbuɗe haka sun fi shida da aka watsa da tsakar rana. Indiya, da ta ga yawan asarar, tun 2015 ta wajabta a shafe duk yuriyar da ake yi a ƙasar da man dogon yaro, domin yana rage saurin rikiɗar takin a ƙasa. Dogon yaro kuwa babu garin da babu shi tsakanin Tsarnawa da Badagishiri, ƴaƴansa na zuba a ƙasa yara na takawa.

Akwai kuma abin da rubutunka bai ambata ba ko sau ɗaya. Binciken da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da cibiyar ICRISAT ta Sadore suka daɗe suna yi ya nuna cewa a yawancin ƙasar Nijar fosfor ne ke fara ƙarewa, kuma in babu shi tsiro ba ya amsa naitirojin yadda ya kamata. Rake kuma mai cin fotash ne ƙwarai, shi ke taimaka masa wajen tara zaƙi da ƙarfin kara. Yuriya ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Don haka kamfa, wato 15-15-15, a lokacin dashe, tare da takin gida da ya ruɓe sosai, su ne harsashi, yuriya ta biyo baya. Jiharmu ta Tawa tana da dutsen fosfat a ƙasarta, abin da ya kamata mai kishin noma ya yi ta magana a kai ke nan. Busasshen ganyen rake da ake cinna wa wuta bayan sara ma taki ne, in an shimfiɗa shi tsakanin layuka zai riƙe danshi a bazara, ya ruɓe ya koma ƙasa, gyauron da zai biyo baya ya amfana.

Mu koma ga dashe. Ka ɗauki yanka iri guntu-guntu a matsayin tsohon yayi, alhali akwai dalili a cikinsa. Kara in yana tsaye, idon sama ne ke mulki, yana hana na ƙasa tsirowa. In ka kwantar da shi sukutum, wannan mulkin ba ya sakin sa nan da nan: idanun da ke wajen kai su tsiro, na gindi su yi nauyi, wasu su ruɓe ko gara ta riga su. Yanka shi zuwa gunduwa mai ido biyu ko uku shi ke karya wannan, kowace gunduwa ta tashi da kanta. Manoman Korama a ƙasar Matamaye da Magarya, da na Dallol Mawuri wajen Gaya da Junju, inda rake ya fi zama sana'a a Nijar, ba su jira littafi ba kafin su san cewa kan rake ya fi tsirowa. Idanunsa sababbi ne, ga danshi, kuma shi ne ɓangaren da mai saye ba ya so don ba shi da zaƙi. Manomi ya sayar da gindi da tsakiya, ya dasa kai. Shawararka za ta sa ya binne abin da zai kai kasuwa.

Matse layuka kuma ba ya ƙara kara, yana sirantar da shi ne. Ko a gona mai tsari, wani kaso babba na ƴaƴan da rake ya haifa mutuwa suke yi da zarar ganye ya rufe sama, haske ya daina isa gindi. In aka cunkusa, sai mutuwar ta ƙaru, waɗanda suka rayu su fito sirara, bayan sun ci takin da aka zuba. Ka tuna wane ne mai sayen rakenmu. Ba masana'anta ba ce mai auna tan. Mai baro ne a tashar Ƙonni da kasuwar Dogarawa, wanda zai ɗaga sanda ya duba kaurinta da tsawon gaɓarta, ya latsa ya ji taushinta, sa'annan ya yi ciniki. Sanda ɗaya mai kauri ta fi sirara uku kuɗi a wurinsa. Na yarda raken sha yana son ƙasa mai ƙarfi da isasshen taki don ya yi taushi, amma a farkon rayuwarsa, kuma da sarari.

In sabon abu kake nema, akwai shi, sai dai ya bi hanyar da ta saɓa wa taka. A 2009 ICRISAT da ƙungiyar WWF suka fito da wani tsari a Indiya: a ɓanɓaro ido ɗaya-ɗaya daga lafiyayyen kara, a rene shi a gandun reno kamar wata guda, sannan a dasa a layuka masu tazarar kusan mita ɗaya da rabi. A dashen da aka saba, hekta na cin tan shida zuwa takwas na iri. A wannan, ɗan kaɗan ne, ragowar karan kuma a sayar ko a matse. Abin da ya ja hankalina shi ne manomanmu sun riga sun ƙware a wannan aikin, tunda haka suke yi wa albasa, a rene ta a fangali sannan a dasa. Kuma filin da ke tsakanin layuka a wata ukun farko zai ɗauki albasa ko wake, mai gona ya samu abin sayen mai kafin rake ya rufe. Wake ma zai bar wa ƙasa naitirojin kyauta. Renon na ba da damar zaɓe: duk tsiron da ya nuna alamar cuta a cire shi tun bai shiga gona ba. Wannan babban abu ne, domin cutar nan da ke fitar da baƙar bulala a kan rake ta cikin iri take yawo, kuma babu yawan yuriyar da ke warkar da ita.

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi, wadda ka wuce ta da jimla ɗaya: ruwa. Rake na zama a gona wata goma zuwa shekara, kuma a lissafin hukumar FAO yana shan milimita 1,500 zuwa 2,500. Ruwan sama a Ƙonni da Malbaza wajen milimita 500 ne a shekara, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu. Ko an ɗauki mafi ƙanƙanta, saura milimita dubu, wato mita kubik dubu goma a kowace hekta, da za a jawo daga madatsa ko rijiya, mafi yawansu a bazara, lokacin da ruwa ya fi nisa, man inji ya fi ciwo. Albasa a lissafin hukumar ɗaya milimita 350 zuwa 550 take sha, cikin wata huɗu ta tashi. Ruwan da za a ba hekta ɗaya ta rake ya isa wajen hekta biyu na albasar Galmi, wadda sunanta ya kai Abijan da Akara, kuma ƴan kasuwa ke biyo ta har bakin garka.

Filin noman rani na Ƙonni, mai fiye da hekta 2,400, an gina shi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, yana shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango ta hanyar matattarar Cerasa. Kowa a yankin ya san yashi da laka sun ci wani ɓangare na cikin madatsun, kuma da rani ba dukan filin ake nomawa ba saboda ruwan ba ya isa. Gyaran da aka yi wa filin ya taɓa magudanu, bai ƙara ruwan sama ba. Dubban iyalai ne ke rabon wannan ruwa bi da bi, kowa da ɗan yankinsa. Wanda ya dasa rake a nan zai nemi ruwa a watannin da ake rufe magudanu, in kuma an buɗe masa, daga rabon maƙwabcinsa aka ɗiba. Maggiya ba Kwara ba ce, gulbi ne mai gudu da damina kawai, ƙarshensa tafkin Kalmalo a hayin iyaka. Rake ya zauna a Korama da Dallol Mawuri ne domin can ruwa na kusa da saiwa shekara duka. A wajenmu akwai ƴan wurare irin haka, ƙasan kwari da bakin tabki, kuma can ne ya dace da shi, ba ko'ina ba.

Sukarin da kake so mu daina saye kuma ba a garka ake yin sa ba. Rake in an sare shi, cikin kwana ɗaya ko biyu zaƙinsa ke fara lalacewa, shi ya sa masana'anta ke zama tsakiyar dubban hektoci nata. Kamfanin sukari na Numan a Adamawa sai da aka gina masa madatsar Kiri a kan kogin Gongola. Na Sunti yana bakin Kwara. In Nijar za ta yi nata, bakin kogin Isa, wato Kwara, da ƙasar Gaya za ta duba. Manomin Malbaza da ya cika gonarsa da rake bisa wannan fata zai tarar da kasuwar da yake da ita jiya ita ce dai yau, sai dai masu sayarwa sun ƙaru, farashi ya faɗi.

Ka kuma duba inda buhun ke fitowa. Da iskar gas ake yin yuriya, farashinta na bin na gas, kuma a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, tan ɗaya ya haura dalar Amurka 800 a kasuwar duniya. Gaskiya ne masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a watan Maris na 2022 ta kusanto da ita. Amma mun ga iyakar Illela ta jihar Sakkwato a rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sake ganinta a rufe bayan Yulin 2023 har Maris na 2024. Amfanin gona mai zama shekara guda, wanda aka ɗora shi a kan buhu goma, in hanya ta toshe a wata na biyu mai shi ya shiga uku. Galibi kuma bashi ake ci a sayi takin, a biya bayan sara.

Abin da nake roƙo, Malam, mu fitar da wannan gardama daga takarda mu kai ta ƙasa. INRAN na da tasha a Ƙonni, Jami'ar Tawa na da sashen koyon aikin gona da ɗalibai masu neman abin bincike. A samu manomi mai fadamar da ta dace, a raba ta: gefe a bi tsarinka, kara sukutum da buhu goma ana watsawa, gefe gunduwa mai ido uku daga kan rake da buhu uku a turbuɗe kafin wata huɗu, gefe kuma renon ido ɗaya da albasa a tsakani. A rubuta litar man da kowane gefe ya sha da kuɗin takinsa. Ranar sara a kira masu baro daga tasha su fere, su ɗanɗana, su yi ciniki a gaban jama'a, a karanta sakamakon a rediyon gari da Hausa. Kafin wannan rana, ina roƙonka ka janye shawarar watsa yuriya bayan wata na huɗu, domin akwai waɗanda suka karanta ka, kuma lokacin dashe ya kusa.